Shekarar da Inna Ta Kashe Wutar Banda Saboda Kwamfutata

Bashir, Nafisa, da ke auta Asma'u, wannan babi naku ne, domin ku ne kuka fi kowa ɓata labarin da ke cikinsa. Duk sallah idan kun taru kun ci kun ƙoshi, sai wani ya ɗauko zancen ranar da kakarku Inna ta zare wa kwamfutata waya, ku yi ta ƙyaƙyata dariya, har jikokina sun ɗauka tsohuwar wata ce da ta tsani boko. Nakan yi shiru don kada in ɓata muku taro, amma raina ba ya so. Ta zare wayar, ban musa ba. Sai dai kun ɗauki kan labarin kun bar gangar jikinsa, kuma tunda likita ya fara yi mini zancen rage gishiri da yawan hutu, gara in rubuta shi yadda ya faru tun idona yana ganin layi.

A shekarar muna Wara, a gidan babanku na bakin tafki. Ina koyar da fiziks a makarantar sakandare, ina goyon Asma'u, ga karatun digiri na biyu da ya daɗe yana jan ƙafa, yau haihuwa, gobe rashin lafiyar yaro, jibi yajin aiki. Da na je jami'a a farkon shekarar, malamin da ke duba aikina bai ɓoye mini komai ba. Ya ce wa'adina ya ƙare har an yi mini ƙari, kuma idan ban kawo sakamako kafin faɗuwar damina ba za a cire sunana, ba kuma za a sake buɗe mini ƙofar ba. Na dawo gida da wannan magana a ƙirjina. Ni 'yar manomin shinkafa ce daga Shanga, kuma a zuriyarmu kaf babu macen da ta taɓa kaiwa inda na kai. Ban so a ce a bakin ƙofa na tsaya ba.

Kun sha tambayata abin da nake bincike a kai, ina fara bayani kuna hamma. Yau dai sai kun karanta. Ayon ƙwayar zarra ce da aka fizge mata wani abu daga lantarkinta, ta zama mai caji, don haka ana iya tunkuɗa ta ta fita a guje ta faɗa cikin abu mai tauri. Ni ayon na iskar naitirojin nake bi, cikin baƙin ƙarfe, domin idan suka shiga suka zauna a fatar ƙarfen sukan ƙara masa tauri, ya daɗe bai cinye ba. Ayon ba ta tafiya a miƙe. Ta yi karo da wannan zarra ta kauce, ta bangaje waccan daga mazauninta, waccan ma ta bangaje wasu, lantarkin ƙarfen yana ta rage mata gudu, har ƙarfinta ya ƙare ta tsaya, kuma duk tafiyar ba ta kai ko kusa da kaurin gashin kai ba. Tambayata ita ce, a wane zurfi suke taruwa, kuma wace irin ɓarna suke bari a hanya. Na'urar da ke harba su da gaske tana ƙasashen waje, ko hotonta sai a littafi. Abin da muke da shi kwamfuta ce mai kwaikwayon tafiyar: ta saki ayon ɗaya, a kowane karo ta jefa ƙuri'a bisa dokokin lissafi ta ga ina za ta kauce, ta bi ta har inda ta tsaya, sannan ta saki ta biyu. Guda ɗaya ba ta gaya maka komai. Sai dubbai bisa dubbai sun wuce kafin hoton ya fito. Abin da ya ƙara wa nawa aikin wuya shi ne, duk ayon da ta zauna ta canza ƙarfen da ta bayanta za ta tarar, saboda haka dole a bi su a jere. Ɗalibaina na yanzu kan ce me ya hana in riƙa ajiye aikin rabi-rabi. Ba su ga kwamfutar ba. Cikinta bai ɗauki wannan ba, idan ta mutu a tsakiya sai dai a koma farko, kuma kowane zagaye yana cin fiye da mako biyu, dare da rana.

Ga tafkin Kainji a ƙofar gidanmu, ruwan da ya cinye tsohon garin su Inna don a samar wa ƙasa lantarki, amma wutar da ke zuwa mana ba ta isa a dafa ƙwai ba. Babanku, wanda yanzu haka yake leƙen abin da nake rubutawa yana cewa in faɗi alherinsa, lokacin yana tuƙa jirgin inji, yana kai mutane da kaya kasuwar Yelwa. Shi ya haɗo mini baturan manyan motoci da inbata mai juya wutarsu ta zama irin ta gida, da ɗan janareta, muka jera su a ɗakin siminti ɗaya tilo da ke gidan. To, na faɗi alherinka, sai ka matsa.

Jikin bangon wannan ɗaki murahun Inna suke, manyan murahun laka guda huɗu da take bandar kifi a kai tun kafin a haifi babanku. Ku da kuka san ta tana zaune kan tabarma da carbi ba ku san Inna ba. Mace ce da idan ta daka tsawa a bakin ruwa masunta ke gyara tsayuwa. Sana'ar tana da tsarinta. Kowane masunci yana da matar da yake kai wa kamunsa, ita ke tsaya masa ranar da komarsa ta kamun kifi ta yage ko matarsa ta haihu, shi kuma ba ya kai kifinsa wani wuri. Kowace mai banda kuma tana da fatakenta da ke zuwa daga kudu ranar kasuwa. Kifi ba ya jira, fatake ba sa jira. Idan murhunki ya yi sanyi a lokacin kamu, masuntanki za su kai wa wata, fatakenki su bi su, kuma wanda ya ci abincin wata a kaka guda kunya ba ta barinsa ya dawo. Sannan Inna tana da doka ɗaya da ko sarki bai isa ya karya ba: ba a barin wuta babu mai gadi. Tana yarinya ta ga wutar banda ta tashi ta cinye unguwa, kuma ba ta manta ba.

Na kunna zagayen farko da bismillah, ban gaya wa kowa komai ba sai babanku. A ganina wa zai fahimta? Ya yi ta tafiya lafiya har ya kusa ƙarewa. Ran nan na dawo daga makaranta da azahar, na ji ɗakin tsit. Na shiga na tarar da kwamfuta a lulluɓe da sabon zane, Inna kuma tana bakin ƙofa tana gyaran tarwaɗa, fuskarta cike da jin daɗin wanda ya yi aikin lada.

"Malama, Allah ya tsare ki yau," in ji ta. "Na ishe abin ga naki shina ta gurnani shi kaɗai, na taɓa bayanshi na ji zahi awa murhu, kuma ba kowa ɗakin. Sai niz zare igiyar, nir ruhe miki shi."

Kun san bakina. Shugaban makarantarmu ma yana shakkarsa. Amma suruka suruka ce. Na ce, "Sannu Inna, an gode," na zagaya bayan gida na yi kuka kamar wadda aka yi wa mutuwa. Da yamma babanku ya yi mata bayani iyakar fahimtarsa, sai ta aiko a kira ni.

"Zamna, ɗiyata. Wanga abu dahuwa shika yi?"

"Kusan haka ne, Inna. In an katse shi sai an koma farko."

"To mi ya hana ki hwaɗi? Kin ɗora tukunya kin tahi makaranta, ba ki ce ma kowa shi duba miki ba? Duk boko nan naku ba a koya muku hakanan ba? Ni nik kashe, amma ke kinka bar wuta ita ɗai. Tashi ki sake ɗorawa."

Wannan shi ne ban haƙurin Inna, kuma na karɓe shi. Iyakar abin da kuka sani ke nan, kuma a nan kuke tsayawa ku yi dariya.

Na sake ɗorawa. Bazara ta shigo da zafinta, ruwan tafki ya fara ja da baya, kifi ya yi yawa, murahun Inna huɗu suna ci ba dare ba rana. Bayan 'yan kwanaki kwamfuta ta mutu da kanta, ba wanda ya taɓa ta. Na sake kunnawa, ta sake mutuwa. Da na kwance bayanta sai na ga fankar da ke sanyaya ta ta yi baƙi ƙirin, wani maiƙo mai danƙo ya liƙe ta, ga ƙamshin kifi yana tashi. Hayaƙin banda ne ke shiga ta ƙarƙashin kwanon rufi da tagar ɗakin, fanka ta zuƙe shi, ta toshe, kwamfuta ta yi zafi ta kashe kanta. Na toshe taga da tsumma, zafi ya ƙaru. Na buɗe, hayaƙi ya shigo. Muka yi shawarar kai ta makaranta, amma ɗakin gwajinmu iska ta yaye rufinsa, ƙofarsa ko kuba babu. Babanku ya ce a kai ta Yelwa gidan ƙaninsa, na ce wa zai zauna da ita, ga aiki ga goyo? Da na lissafa lokacin da ya rage kafin damina, zagaye ɗaya kacal zai shiga. Idan shi ma ya mutu, shi ke nan. Na gaya wa babanku na haƙura, na kuma roƙe shi kada ya kai wa Inna maganar hayaƙi. Murahun nan su suka ciyar da shi har ya girma, ban ga da wane baki zan ce a kashe su saboda layukan da ke yawo a gilashin kwamfuta ba.

Ban san tana kallona ba lokacin da nake zaune a tsakar gida ina goge fankar da gashin kaza da kananzir. Ta miƙo hannu, na ba ta. Ta kai hanci ta shinshina, ta juya ta, ta sake shinshinawa.

"Hayaƙina na," in ji ta. "Shi ka kashe miki abu?"

Ta miƙo mini fankar, ta koma wajen aikinta.

Washegari da hantsi masuntanta suka iso da kwanonin kifi a ka, Mamman a gaba, wanda tun yana saurayi yake kawo mata kamu. Suka tarar da murahu an kwashe toka an share. Ina ɗaki ina shirin makaranta na ji muryarta.

"Mamman, ku kai ma Kulu mai banda. Ni bana ba ni hura wuta sai damina ta hwaɗi."

"Inna, lahiya dai? Kin san hwa in munka kai can..."

"Na sani. Ni nik koya ma sana'ar ga ko kai kak koya man? Ku kai tun bai lalace ba."

Na fito a guje ko ɗankwali ban ɗaura daidai ba. Na durƙusa a gabanta na ce kada ta yi haka, na riga na fasa karatun, ba komai. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke wa yab ba ki izinin hwasawa? Saurara ki ji. Dauri giwan ruwa sai ƙatti biyu sun kama kahin a hidda ta jirgi. Yanzu dubi abin da suka kawowa, awa tahin hannuna. Ruwan ga ya gaji, ni ma na gaji. Ɗiyan ga naki mi za su gada wurina, hayaƙi? Ni ban san abin da kika dahwawa ba, amma na ga shina hidda ke kuka, kuma ke ba mai kukan banza ba ta. Koma ɗaki ki ɗora."

Ina so ku fahimci wannan wuri da kyau. Na san abin da take yi, ita ma ta san na sani. Da na dage, da na rantse ba zan kunna kwamfutar ba, da ta hura wutarta kafin Mamman ya kai ƙofar Kulu. Ina durƙushe ina jin takun sawunsu yana nisa. Na zaɓi in karɓa. Na tashi na shiga ɗaki na kunna.

Ba ta tsaya nan ba. Tunda ta yarda abin wuta ne, to wuta sai da gadi, kuma gadin wuta aikinta ne. Ta tsara mana shi yadda take tsara na banda. Babanku ya ɗauki dare. Ni daga azahar. Ita kuma tun fitata makaranta har dawowata, tana zaune kan kujerar tsuguno da mahuci a hannu tana yi wa kwamfuta fifita, Asma'u a bayanta. Ta sa aka rataya jiƙaƙƙen buhu a taga don iska mai sanyi. Na nuna mata fitilar inbata, idan ta koma ja a tayar da janareta, kuma tsohuwar nan da kanta ta koyi jan igiyarsa. Lokacin salla maƙwabciyarmu Saratu, Bakambariya mai zuwa coci, ita ke karɓarta, ranar Lahadi kuma Inna ta haɗa da rabon Saratu. Ko kaza ba ta isa ta leƙa ɗakin ba.

Kwamfutar tana zana hanyar kowace ayon a gilashi, jan layi ya shiga ya karkace ya yi rassa ya tsaya, wani ya biyo. Kafin mako ya zagayo Inna ta zama 'yar kallo. Ina dawowa za ta tare ni da labari.

"Yau wani ya yi nisa ƙwarai, har na ce ya ɓace. Amma mafi yawa wuri guda suka tsayawa, sun yi cunkus awa kasuwa. Akwai kuma matsorata, da sun taɓa ƙarhen sai su juyo baya."

"Haka ne, Inna. Su ma ana lissafa su."

"A lissahwa su, a san su."

Na yi dariya ranar, dariyar da na daɗe ban yi ba. Amma ranar kasuwa ban yi ba. Ina ɗaki na ji motar fatakenta ta tsaya a ƙofar gida, na ji ta fita ta gaishe su da 'yan kalmomin yarensu da ta iya, na ji motar ta wuce gaba. Ta dawo ta karɓi mahuci daga hannuna, ta ce fifitata ba ta da ƙarfi.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas lokacin da ayon ta ƙarshe ta tsaya. Ranar Asabar ce da rana, dukanmu muna nan. Layuka suka daina fitowa, sai ga zane ya bayyana: ya tashi daga fatar ƙarfe, ya yi tudu a zurfin da suka fi taruwa, ya gangara a hankali. Na kwafe shi a faifai uku saboda tsoro. Saratu ta rangaɗa guɗa, babanku ya yi ta hamdala, Inna kuwa ta ajiye mahuci ta ce hannunta ya huta. Na kai aikin jami'a a kan lokaci. Daga baya malamina ya samo awon da wasu suka yi da na'urar gaske a waje, aka ɗora nawa zanen a kan nasu, tudun ya faɗa kusan wuri ɗaya. Da wannan na samu digirin, da shi na samu koyarwa a jami'a, daga nan digiri na uku ya biyo. Duk makarantar da kuka shiga, da duk takalmin da kuka kashe a hanyarta, daga ɗakin nan suka fito. Na gode wa Allah, na gode wa babanku da Saratu, amma idan ana maganar wanda ya biya, mutum ɗaya ce.

Da na dawo daga jami'a na sayi itace mai kyau amalanke guda, na tashi da sassafe na jera shi a murahun nan huɗu da hannuna. Na shimfiɗa mata tabarma a inda ta saba zama, inda ake hango bakin ruwa. Ta fito ta ga itacen, ta zauna, na zauna kusa da ita. Jirage suka fara dawowa. Muna kallo suna wuce mashigarmu ɗaya bayan ɗaya suna gangarawa wajen Kulu. Na Mamman ne ya zo a ƙarshe. Ya rage gudu, ya ɗaga mata hannu biyu, ya sunkuyar da kai, ya wuce. Muka zauna har rana ta take, ba wanda ya zo.

Na kasa riƙe kaina. Na ce, "Inna, ki yafe mini."

"In yahe mi? Sata kinka yi? Ni nib ba ki, da hankalina, da idona biyu. In an ba ki abu ba kuka za ki yi ba. Mi aka cewa?"

Na share fuskata na ce, "Na gode, Inna."

"Madalla. Kwashe itacen ga ki kai madahwa kada ruwa shi jiƙa shi, ki zo ki amshi ɗiyarki, yunwa taka ji."

Na kwashe itacen. Ba a sake hura wuta a murahun ba, damina biyu suka narke suka koma ƙasa. Inna ta rayu shekaru masu yawa bayan haka a ɗakin da na gina mata, kuma har ta koma ga Mahaliccinta ban taɓa jin ta tayar da maganar ba, ko da wasa. Allah ya jiƙanta, ya sanyaya makwancinta.